Na tafi Yamai da muciyata

Tun da na dawo daga Yamai, duk wadda ta zo yi wa Inna sannu sai ta ja ni gefe ta ce, "Wai da gaske ne gidan haya kuka sauka, alhali kuna da kawu a garin?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin ƙofa, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, da daɗinsa da ɗacinsa da lissafinsa. Wata rana tafiya irin wannan za ta kama ɗayanku, ko don asibiti, ko don takardun yaro, ko don sarin kaya.

Inna ta fi shekara goma tana fama da ciwon sukari. A bara idonta na dama ya fara yin hazo, har ta daina gane mutum sai ya yi magana. Likitan da ya duba ta ya ce akwai yana, amma yana tsoron sukarin ya taɓa bayan idon, don haka mu tafi Yamai a duba da na'ura kafin a yi aiki. Ya ba mu takarda, ya ce mu yi shirin kwana biyar ko shida.

Ba wannan ne zuwanmu na farko ba. Shekara uku da suka wuce mun sauka gidan Kawu, ƙanen Inna, a unguwar Talaje. Allah ya sani, sun yi mana karamci. Amma ɗaki biyu ne da falo, ga yara bakwai. Matar Kawu ta bar wa Inna gadonta, ta koma tabarma. Kullum sai ta yi mana girkin baƙi: shinkafa da miya mai maiƙo, taliya, burodi da shayi mai kauri da safe, lemon kwalba da rana. Duk abin da likita ya hana, shi ne abin da ake karrama baƙo da shi. Ita kuwa Inna kun san halin tsofaffinmu, kara ba za ta bar ta ta ture kwanon da aka ajiye mata ba. Ta ci, ta gode, muka dawo gida ta kwanta mako biyu. Shi ya sa wannan karon na ce a raina, ko zan sayar da akuyata, sai na riƙe tukunyar Inna da hannuna.

Wata ƴar ƙungiyarmu mai zuwa sarin atamfa ce ta fara gaya mini akwai gidajen da ake ba da haya na kwanaki, da gado da kujeru da firigo da gas da tukwane, ka shiga da jakarka kawai ka dafa abin da kake so. A can ana ce musu aparteman mebule. Da na faɗa wa maigida, sai da ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce, "Kin san sunan da waɗannan wuraren suka yi? An ce can ne marasa kunya ke ɓuya." Ban musa masa ba, don ni ma na ji haka. Na ce masa zan tafi da tsohuwa da ɗiyarmu ta fari, kuma ba zan biya ko dala ba sai na ga wurin da idona, na ga irin mutanen da ke shiga da fita. Ya yarda, da sharaɗin in sanar da Kawu inda muke tun ranar farko.

Kuɗin tafiya kashi uku ne. Na ɗauki bashin jika 100 a asusun ƙungiya, ƙannena biyu maza suka ɗauki nauyin asibiti da magani da kuɗin mota, ni kuma na sayar da akuya ɗaya na ƙara. Da ina haɗa kaya, ɗiyata tana ta dariya. Na ɗaure garin dawa tiya biyu, wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, busasshen zogale, man gyaɗa lita ɗaya. Na sa muciya da mara da maburgi da ƙaramar rariya. Ta ce, "Mama, Yamai za mu ko ƙauye?" Na ce ta bari, za ta gani.

Daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne. Mun tashi kafin asuba, muka bi ta Agye, Maraɗi, Gidan Rumji, Madawa. A Galmi na sayi albasa ta taga, don na san ta fi ta birni arha. Muka wuce Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. A watan Afrilu ne, zafi kamar a bakin murhu. Da muka isa, ƙafafun Inna sun kumbura, magariba ta riga ta yi.

Nan na yi kuskurena na farko. Dillalin da aka haɗa ni da shi ya turo mini hotuna a waya tun ina gida: falo mai kyau, gado da farin zane, madafa tsaf. Abin da hoto bai nuna ba, kuma ni ban tambaya ba, shi ne gidan yana hawa na uku, ba kuma na'urar hawa. Muka tsaya a gindin matakala, Inna ta ɗaga kai ta ce, "Ɗiyata, in ba goya ni za ki yi ba, nan zan kwana." Dillali ya fara cewa ai a hankali za ta hau, ai sau ɗaya ne. Na ce masa ba sau ɗaya ba ne, kullum za mu asibiti. Allah ya taimake ni ban tura masa kuɗi tun daga gida ba, duk da ya matsa. Da na tura, da ba ni da bakin magana. Ya yi ƴan kiraye-kiraye, ya kai mu wani gida a ƙasa, ba shi da kyan na farko, amma ƙofarsa taki biyar ce daga bakin get, kuma taksi ɗaya ke kai mu asibiti.

Ɗaki ɗaya ne da falo da madafa da bayi. Mai kula da gidan ya ce jika 15 kowane dare. Na ce masa kwana shida za mu yi, ya rage. Muka yi ta ja har muka tsaya a jika 12 da rabi, jika 75 ke nan. Ya karɓi katin ɗan ƙasata ya rubuta lamba, sannan ya ce sai na ajiye jika 25 na kosiyon, wato kuɗin jingina da za a mayar mini ranar fita in ban ɓata komai ba. Na ce ya rubuta mini resi. Ya yi ɗan murmushi kamar na raina shi, amma ya rubuta. Shekarun da na yi ina riƙe littafin ƙungiya sun koya mini cewa kuɗin da ba a rubuta ba, maraya ne.

Kafin ya tafi na tambayi maigadi su wa ke sauran ɗakunan. Ya ce akwai wani malamin makaranta daga Agadas da matarsa, sun kawo yaro asibiti, da wasu samari biyu ma'aikata da suka zo horo. Hankalina ya kwanta. Na kira maigida na gaya masa, na kira Kawu na ce mun iso lafiya, ga inda muke. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta kwana a raina.

Kuskure na biyu shi ne gajiya ta hana ni ƙirga kayan gidan a gaban mai kula da shi. Ya ce komai na nan, na ce to. Sai da gari ya waye na shiga madafa na ga abin da ake kira komai. Tukwane uku marasa kauri kamar gwangwani, ɗaya gindinta ya riga ya ƙone. Wuƙa ɗaya da ba ta yanka ko tumatir. Faranti shida, cokula masu yatsu rututu, kofunan gilas huɗu. Babu turmi, babu ludayin miya, babu muciya. An shirya madafar ne don mai soya ƙwai da dafa taliya, ba don mai tuƙa tuwo ba. Na kalli ɗiyata na ɗaga muciyata sama. Ba ta ce komai ba. A bayi kuma babu buta, babu bokiti. Gado babu sange. Na aiki yarinyar ta sayo buta da bokiti da wuƙa, maigadi ya nuna mana alƙibla.

Wani abu da ban zata ba ya yi wa Inna daɗi: masai na zama. Gwiwoyinta sun daɗe suna hana ta tsugunno. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba ta hawa kujerar nasara. Kwana biyu sai ga ta tana cewa in mun koma a yi mata irinsa.

Ranar farko a asibiti aka auna sukarinta da safe kafin ta ci komai, aka samu ya kusa gram 3. Likita ya girgiza kai. Ya ce ba zai taɓa idon ba sai sukarin ya sauka ya zauna, don in yana sama haka ciwo ba ya saurin warkewa, kuma ƙwayar cuta na samun hanya. Ya tura mu wurin likitan sukari, aka canza mata magani, aka ba mu sharuɗɗan abinci, aka ce mu dawo bayan mako ɗaya. Mako ɗaya! Ni da na biya kwana shida. A cikin taksi ina ta lissafi da yatsu, Inna na kallona da idonta mai gani. Ta ce, "Mu koma gida. Ido guda ya ishe ni ganin abin da ya rage min." Na ce mata ba mu yi tafiyar yini guda don mu koma da hazo ba.

Da yamma na samu mai kula da gidan na gaya masa gaskiya. Na ce zan ƙara kwana bakwai, amma ba zan iya a farashin farko ba. In bai rage ba, zan nemi wani wuri. Ashe su ma sun fi son baƙon da zai daɗe a kan ɗaki ya kwana babu kowa. Ya bar mini a jika 10. Na sake karɓar resi.

Daga nan rayuwarmu ta koma kan tukunya. Likitar abinci ta ce ba yunwa za a sa mata ba, awo za a yi: tuwo malmala ɗaya ƙarama, miya da ganye da yawa, wake, kifi ko nama marar kitse, mai kaɗan, gishiri kaɗan, babu sukari, babu lemon kwalba, kuma a ci a kan lokaci saboda magani. Wannan "a kan lokaci" ɗin shi ne abin da ba ka iya nema a gidan mutane. A gidan Kawu sai yara sun dawo makaranta ake sauke tukunya. A nan kuwa ƙarfe bakwai na safe kunun Inna marar sukari na gabanta da dafaffen ƙwai. Ƙarfe ɗaya wake da zogale. Bayan magariba tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa da kifi.

Tuƙa tuwo a kan gas a cikin siririyar tukunya wani karatu ne. Ranar farko ya kama, ƙauri ya cika gidan. Na gane sai an rage wuta sosai, a kuma riƙe tukunyar da tsumma don ba ta da nauyin da za ta zauna. A rana ta huɗu ina cikin talge wutar ta yi ja ta mutu. Butalin gas ɗin ƙarami ne, na kilo 6, kuma waɗanda suka fita kafin mu sun kusa shanye shi. Na ce wa mai kula da gida ai shi ya kamata ya cika, ya ce a'a, baƙo ke cikawa. Ba mu yi wannan maganar ba tun farko, don haka ba ni da hujja. Jika 2 suka tafi. Maigadi ya ɗauki butalin a kan moto ya sauyo mana, na sa masa tuwo da miya a kwano. Tun daga ranar ya zama ɗan gida: shi ke gaya mana lokacin da ruwa zai ɗauke mu cika bido da bokiti, shi ke tsayar mana da taksi da asuba.

Sai maganar kuran. Gidan yana da kwanter irin wanda ake sa wa kuɗi tun gaba, kamar yadda ake sa wa waya. Na sa jika 5 ranar da muka shiga, ina ganin zai kai mu ƙarshe. Zafin Yamai a Afrilu ya wuce digiri 40, ga kilim a ɗaki, mu da ba mu saba ba. Muka kunna dare da rana, har Inna na neman bargo. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, komai ya mutu. Na ɗauka ɗaukewar gari ce, sai na leƙa na ga fitilar maƙwabta na ci. Kuɗinmu ne ya ƙare. Muka kwana muna fifita da murfin tukunya. Da safe malamin nan na Agadas ya nuna wa ɗiyata yadda ake duba abin da ya rage a kwanter, ya ce kilim shi kaɗai ya fi firigo da fanka da fitilu duka ci. Daga ranar muka yi doka: kilim awa biyu da tsakar rana lokacin da Inna ke kwanciya, sauran lokaci fanka. Jika 6 suka kai mu kwana goma da suka rage.

Cefane kuma ya koya mini garin fiye da yadda taksi zai koya mini. Kanti na kusa da mu komai tsada, tumatir a cikin leda kamar magani. Matar malamin ta ce in bi ta kasuwa. Muka je Katako, muka je Wadata. Mafi yawan masu sayarwa suna jin Hausa, amma in ka gaishe da mai Zabarmanci da "fofo" kafin ka taya, fuska na sakewa. Lissafin dala iri ɗaya ne da namu, don haka ba a ruɗe ni ba. Na sayi ɗanyen zogale, wanda su ke kwaɗawa su ce kopto, da kabeji da yalo da kifin kogi. Firigo ya sa ina cefanen kwana uku a tafiya ɗaya, in dafa miya mai yawa in raba. Wata rana da yamma, bayan mun fito awo, na sa mai taksi ya bi da mu ta gadar Kennedy don Inna ta ga kogin Kwara. Ta ce ba ta ganin komai sai haske mai faɗi, amma tana jin sanyin ruwan a fuskarta.

Yanzu bari in zo kan abin da kuka fi son ji. Kwana uku Kawu bai zo ba, bai kira ba. A rana ta huɗu da la'asar sai ga shi, shi kaɗai, da babbar riga. Ya ƙi zama a kujera, ya tsaya a tsakiyar falo. Ya ce, "Yaya, ina raye a garin nan, ki zo ki kwana gidan haya kamar wadda ba ta da kowa? Mi na yi muku? In ɗakina ya yi muku kaɗan, ai sai ku faɗa min." Ni ya ke nufi, amma bai dube ni ba. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, laifina ne." Bakina ya ƙi ci gaba, don ta yaya zan ce masa girkin matarsa ne ya kwantar da yayarsa?

Inna ce ta fid da ni. Ta ce masa, "Zamna, auta." Mutum mai furfura, amma ya zauna. Ta ce, "Wancan zuwan, matarka ta bar min gadonta ta kwana ƙasa kwana tara. Ta kashe kuɗin cefanen wata a kaina. Ni kuma na ci abin da likita ya hana don kar ta ji kunya. Ita ta cutu, ni na cutu, kowa na gudun ɓacin ran wani. Wanga karon ciwo ya kawo ni, ba ziyara ba. In na warke, zan zo in kwana ɗakinka har ka gaji da ni." Kawu ya sunkuyar da kai. Ya ce ai da an gaya musu, da an dafa mata nata daban. Inna ta ce, "Tukunya biyu a gidan mutum goma? Kai ma ka san ba ta yiwuwa."

Ban bar shi ya tafi ba sai da ya ci tuwo. Ya ce rabonsa da miyar kuka mai daddawar gida irin wannan tun rasuwar kakarmu. Ranar Juma'a na gayyace su duka. Matar Kawu ta zo da yara biyar, falon ya cika, na tuƙa tuwo sau biyu a ƴar tukunyar nan. Ta shigo madafa ta taya ni, muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba a gidanta, don a can ita mai hidima ce ni baƙuwa. A nan ta gaya mini ita ma an ce jininta na hawa, ta tambaye ni yadda nake rage gishiri miya ba ta yi lami ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yau akwai ƴan'uwan da ke cewa na yi girman kai. Kuma na yarda na yi laifi ɗaya: da tun kafin mu taso na kira Kawu na yi masa bayani da kaina, ko na sa Inna ta yi, da bai ji labarin kamar mari ba. Ranar da aka yi aikin, shi ya zauna da mu a asibiti tun safe har aka fito da ita.

A kwana na tara sukarin ya sauka ƙasa da gram ɗaya da rabi, ya kuma zauna. Ba zan ce tuwona ne kaɗai ba; sabon maganin ya yi aikinsa. Amma likitan ya tambayi abin da take ci, da na faɗa masa ya ce mu ci gaba haka. Aka duba bayan idon, aka ce taɓuwar kaɗan ce, za a riƙa bibiya. A kwana na goma sha ɗaya aka cire yanar. Washegari da aka buɗe bandeji, abin da ta fara cewa shi ne, "Ashe labulen ɗakin nan kore ne." Ɗigon maganin ido yana da lokutansa, ga hana ƙura da hayaƙi. A nan ma na gode wa Allah da ɗaki mai rufi da gas marar hayaƙi.

Ranar fita aka zo ƙirgar kaya. Mai kula da gidan ya ce kofunan gilas shida ne, ga huɗu. Ya ɗaga tukunyar nan ya ce mun ƙona ta. Na rantse haka muka tarar, ya ce shi ma haka aka ba shi a rubuce. Ba ni da shaida, don ban ƙirga ba, ban ɗauki hoto ba. Ya cire jika 5 daga kosiyon, ya ba ni 20. Na ji zafi, amma na san wa zan zarga.

Ga lissafin kamar yadda na rubuta a littafina. Haya kwana 13, jika 145. Kuran, jika 11. Gas, jika 2. Cefane da buta da bokiti da wuƙa, jika 32, ban da abin da na ɗauko daga gida. Abin da aka cire, jika 5. Duka jika 195. Kuɗi ne mai yawa, kar wadda ta ce muku arha ne. Da gidan Kawu muka sauka, ko na yi musu cefane da tsaraba, ba zan kashe rabin haka ba. Amma da otal muka sauka muna sayen abinci, mu uku sau uku a yini, ko a jika ɗaya kowane kwano, jika 117 ne a kwana 13, ban da kuɗin ɗaki, kuma abincin da ba zai yi wa Inna ba. Bashin ƙungiya ina biyansa duk mako, saura kaɗan. Akuya kuwa ta tafi.

In tafiya ta kama ɗayanku, ga abin da zan gaya mata a matsayin wadda ta ƙone ta ji. Kar ki tura kuɗi don hoto. Ki gani da idonki, ko ki aiki wanda kika yarda da shi. Ki tambaya ko a ƙasa ne ko a bene, da nisansa da inda za ki riƙa zuwa, don gida mai arha a nesa kuɗin taksi zai cinye ribar. Ki tambayi maigadi irin mutanen da ke gidan. Kafin ki biya, a yi magana a fili: wa ke biyan kuran, wa ke cika gas, ƙarfe nawa ake fita, mutum nawa aka yarda su kwana, ana barin baƙi su shigo. Ki ƙirga kofi da cokali a gabansa, ki ɗauki hoton duk abin da ya riga ya lalace, ki ɗaga butalin gas ki ji nauyinsa. Ki karɓi resi. Ki faɗi yawan kwanakin tun farko ki nemi ragi, ki kuma ajiye kuɗin kwana uku ko huɗu a gefe, don asibiti da ofis ba sa bin lissafinki. Ki tafi da kayan miyarki da muciyarki.

Ba kowace tafiya ce ta cancanci wannan ba. In kwana ɗaya ko biyu ne, kina lafiya, ki sauka wurin danginki, zumunci ya fi. In kuwa da marar lafiya ne mai sharaɗin abinci, ko za ku daɗe, ko ku huɗu ne masu zuwa sari ku raba kuɗin ɗaki da tukunya, to ku duba wannan hanyar. Ku dai fara sanar da ƴan'uwanku na garin da bakinku, ku kuma kai musu ziyara da ƴar tsaraba.

Inna na gaishe ku. Jiya na same ta a tsakar gida tana tsince wake da kanta, tana faɗa wai wanda na sayo duk ƙwari ne. Bayan girbi za ta koma a sake duba idon, kuma ta riga ta ce wannan karon kwana biyu ne, gidan autanta za ta sauka. Matar Kawu ta aiko in turo mata da garin dawa da kuka, ta ce ita za ta riƙe tukunyar. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a asusunmu, ya bar zumunci.

Taku,
wata ƴar ƙungiya daga Tasawa